Goron Tungar Dogo

"Ina kat tahi ran Laraba ta makon jiya?"

Tambayar da Khaulat ta tari Zaharaddeen da ita ke nan, ko sallamarsa ba ta gama amsawa ba. Yana tsaye a zauren gidansu da ke Yelwa, kuntiginsa rataye a kafaɗa, da alama daga wurin gwajin waƙa yake.

"Aikin ƙungiya na, abar ƙaunata..."

"Kak ka ce mani abar ƙauna! Wane irin aikin ƙungiya na aka yi da ƙwaryar goro?"

Sai ya kau da kai. Hakan kuwa ya fi zagi yi mata zafi.

Shekara biyu ke nan da ƙirƙiro jihar Kebbi, kowane gari na neman abin da zai yi tinƙaho da shi. Yelwa kuwa tana da Ƙungiyar Amon Gulbi. Malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da masunta suka haɗu, suna wasa a filin firamare bayan la'asar, suna shiga jirgi su bi tungayen bakin ruwa da waƙoƙin rigakafi da na gujewa tsargiya. Duk shekara kuma sukan ɗauki nauyin karatun yaro guda mai murya ko mai hannun kiɗa. Zaharaddeen, malamin aji biyar, shi ne sakatarensu. Saura wata guda cif a ɗaura masa aure da Khaulat.

Auren nan ma da kyar da jiɓin goshi aka kawo shi nan. Inna Dudu, mahaifiyarta, mai sana'ar bandar kifi tun rasuwar mijinta, ba ta ga bambancin mai kuntigi da maroƙi ba, ko da kuwa yana riƙe da alli da safe.

"Yaya Basiru ya tahi sarin kihi Tungar Dogo," in ji Khaulat. "Har shi anka ba goron! Anka ce mai malamin Yelwa mai kiɗi ya zo neman Larai ɗiyar Dogo, shi da tsoho guda. Ƙarya yay yi?"

"Bai yi ƙarya ba... amma ba haka abin yake ba."

"To yaya yake?"

"Ba ni iya hwaɗi, Khaulat. Na yi rantsuwa. Ki yi mani haƙuri har ran Asabar, ranar wasan shekara. Wallahi ke kaɗai ta cikin raina."

"Inna ta ce Jumma'a. In ba ka wanke kanka ba, kayanku za ta mayar."

Ta juya ta shige gida tana kuka, ta bar shi da kuntiginsa.

Zargi mugun baƙo ne, in ya sauka sai ya bincike ko'ina. Khaulat ta zauna ta yi ta tono. Ta tuna ranar da ya zo hira takalmansa duk laka. Ta tuna sabuwar rigar da ya ɗinka bai faɗa mata dalili ba. Har murmushin da yake yi shi kaɗai idan yana ɗaure tsirkiya, wanda da yake burge ta, yanzu sai ta ga ai wata yake tunawa. Kwana biyu ko tuwo ba ta taɓa ba.

"Na hwaɗa maki," Inna Dudu ke cewa tana juya kifi a kan waya. "Mai kiɗi bakinai zuma, ƙahwatai ƙaiƙayi. Kowace tunga da tashi."

Ranar Alhamis da hantsi Khaulat ta ɗauki mayafi ta bi yayanta Basiru bakin ruwa.

"Ina za ki?"

"In gani da idona."

"Ki ga mi? Abin da gari duka yas sani?"

"Yaya, ko ka tahi da ni, ko in shiga jirgin kasuwa ni ɗai."

Basiru ya san ƙanwarsa, in ta kafe ko jaki sai ya sara mata. Ya tada injin jirginsa.

Tafiyar sa'a biyu ce a kan gulbi, ta gefen Wara. Ba ta ga ruwa ba, ba ta ga masunta masu jefa birgi ba, maganganun da za ta yaɓa wa yarinyar kawai take shiryawa a ranta. Suna isa Basiru ya nuna mata gidan da baki, ya wuce wurin cinikinsa.

Tun daga bayan danga ta ji muryar. Wata murya ce mai tsabta, tana rera waƙar tsargiya, waƙar da Zaharaddeen ya tsara a zaurensu, ita Khaulat ce ma ta gyara masa amshi. Ta leƙa. Yarinya ce doguwa, ba za ta wuce sha bakwai ba, tana jera kifi a kan banda. A gefenta ga ƙaramar rakoda, ga kaset a kai, rubutun da ke jikinsa kuwa ko cikin dubu Khaulat za ta gane na wane ne.

"Salamu alaikum. Ke ta Larai?"

"Ni ta. Sannu da zuwa, Yaya."

"Ni ba yayarki ba ta. Sunana Khaulat."

Kifin da ke hannun yarinyar ya faɗi ƙasa. Khaulat ta zaci za ta ga rawar kai ko tsiwa. Sai kawai Larai ta durƙusa ta kama gefen zaninta ta fashe da kuka.

"Ke ta Khaulat ta Malam? Don Allah ki cece ni! Wallahi ba aure na ba... karatu na!"

"Karatun mi?"

Cikin shessheƙa labarin ya fito. Da ƙungiya ta zo wasa tungarsu, sun ji muryar Larai, suka kuma ji ta tsaya a aji uku na sakandare don babu hali. Suka zaɓe ta. Dokarsu ce ba a faɗin sunan wanda aka zaɓa sai ranar wasan shekara, har rantsuwa suke yi, tun shekarar da masu hannu da shuni suka dame su da kamun ƙafa. Al'adarsu ce kuma shugabansu Malam Yohanna, tsohon malamin kiɗa, da sakatare su kai ƙwaryar goro gidan iyaye don neman izini.

To, duk shekarun baya maza aka ɗauka. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin yadda abin zai zama idan saurayi cikin sabuwar riga ya shiga gidan mai budurwa, dattijo a gabansa, goro a hannu. Masu ilimi ke nan!

"Sun yi ma Baba bayanin makaranta," in ji Larai. "Yac ce ya gode, Allah ya ba ɗiyatai miji mai son ta yi karatu. Yas shahwa hwatiha. Kahin su kai bakin jirgi an rabe goron gida-gida."

"Shi Malam ɗin ba shi da baki?"

"Sau ukku yana dawowa! Baba da ya ji ƙarar jirgi sai shi ɗauki taru shi shige ruwa, wai kunyar suruki. Malam kuwa ya ce ba shi aika ma kowa, don in maganar ta hita ta bakin wani, Baba ya ji kunya gaban mutane, ya hana ni karatun. Ni ko tsoro nika ji..."

Khaulat ta tsaya tana kallonta. Wani sashe na zuciyarta ya ce ƙarya ce, shirin baki ne. Ta ƙura wa idon yarinyar ido tana neman inda ƙaryar ta ɓuya, ba ta samu ba. Abin da ta gani kawai tsoro ne. Sai kunya ta rufe ta.

Tana iya komawa gida yanzu, ta faɗa wa Inna, a kira Zaharaddeen ya ƙaryata a gaban jama'a, aurenta ya tsira. Larai kuma ta zama wadda aka fasa, ta ƙare a bakin banda.

"Ina Baban?"

Ta same shi a gindin giginya yana ɗinkin taru, dogon tsoho mai furfura. Ita ba surukarsa ba ce, ba shi da dalilin gudu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa ko ita wace ce, ta kuma faɗa masa gaskiya tsaf ba ta rage komai ba.

Hannunsa ya tsaya a kan zare.

"Goron ga ya shiga baki ya hi arba'in," ya ce a hankali. "Mi zan ce ma mutane? An hwasa ɗiyata? Ko in ce Dogo ya tsuhwa bai san abin da anka zo mai da shi ba? Su riƙe karatunsu."

"Baba, daga yau goron nan nawa na."

Ya ɗago.

"Ina son Larai ƙanwar rana. Ni ba ni da ƙanwa. Ka ce matar da Malam za shi aura ita ta aiko a roƙa mata, yarinya ta zamna gidanmu ta yi karatu. Ni zan yi mata kitso, ni zan tsaya mata ranar aurenta."

"Wa za shi yarda?"

"Duk wanda yag gane ta ɗakin Innata."

Tsohon ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke da kiz zo ki ci mutuncinta?"

"Shi niz zo yi, Baba," ta ce, hawaye na zubo mata. "Allah yat tsare."

Dogo ya ajiye allura, ya share ido da bakin rigarsa, ya ɗaga murya ya kira uwar Larai, ya ce a haɗa mata kayanta.

Abin da aka sha a gida kuwa ba a magana. Inna Dudu ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Wa ya ba ki izini? Gidan ubanki masauki ne? Amma da Larai ta tsuguna ta karɓi aikin juya kifi ba tare da an sa ta ba, faɗan ya soma sauka, ya koma ƙunƙuni, ƙunƙunin ya koma "ke, kin ci abinci?"

Ranar Jumma'a bayan an sauko masallaci Zaharaddeen ya yi sallama. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya zo ne a yanke masa hukunci, don har yanzu bai yi niyyar karya rantsuwa ba. Yana ɗaga kai ya ga Larai a bayan Inna tana miƙo masa ruwa. Ya miƙe zumbur.

"Zamna, malamin makaranta," in ji Inna. "Duk karatunku kai da Yohanna, ba ku san goro da tsoho gidan mai ɗiya magana guda sukai ba? Tashi ka ba ni wuri. Kayanku na nan inda suke."

A zaure suka tsaya su biyu, kowa na kallon ƙasa.

"Khaulat... ke kit tahi can?"

"Na zarge ka, Zaharaddeen. Ba irin mugun abin da ban raya ba game da kai."

"Ni nij ja. Na ga kina kuka, bakina ɗaure. Ban taɓa jin ciwo irin wannan ba, masoyiyata."

"Ka san mi? Kwana ukku ina roƙon Allah shi hidda mani sonka daga rai."

Ya ɗago da sauri, fuskarsa duk tsoro.

"Ya hita?"

Ta girgiza kai, tana kuka tana dariya.

"Ko ƙwara guda bai hita ba."