Yaron da Ya Haddace Littafin Kemistiri

A wani gari, a wani zamani, an yi wani yaro mai kaifin hadda. Da jarrabawar fita sakandare ta matso, sai ya haddace littafin kemistiri daga bango har bango. Kullum yana zaune yana rangaji yana rerawa, maƙwabta suna cewa, "Wannan ai ya riga ya ci."

Saura mako guda, yayarsa tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce, "Malam sarkin hadda, me ke sa ƙarfe ya yi tsatsa?"

Ya ce, "Wannan ai babi na tara ne, Yaya." Ya lumshe ido, ya faro daga shafin farko, domin bai iya kamawa daga tsakiya ba.

Ta gama tankaɗe, yana babi na biyu. Ta yi talge, yana babi na huɗu. Ta tuƙa tuwo ta kwashe, yana babi na bakwai, murya ta dushe. Sai da aka wanke kwanuka ya buɗe ido ya ce, "Ruwa da iska!"

Ta ce, "Sannu da hanya! Ka yi daidai. Amma fa tambaya hamsin ce, cikin awa ɗaya."

Yaro ya ƙirga da yatsu, ya ga lokacin ba zai ishe shi ba. Ya ce, "Yaya, ɗauko tsofaffin takardun jarrabawarki, ki tambaye ni ko'ina. In na koma shafin farko, ki ranƙwashe ni."

Ta ɗauko, ta yi tambaya. Ya lumshe ido, ya fara rangaji. Ita kuwa ta naɗe hannun riga.