Wutar da Inna Ba Ta Gani Ba

Ranar Talata ce cikin watan Agusta, tun asuba ruwa ke zuba a Mubi kamar ba zai ɗauke ba. Mayo, kogin garin, ya cika har baki, masu mashin duk sun fake a rumfuna. Bobboi mai walda yana zaune a shagonsa yana kankare tsatsar wani tsohon ƙarfe, sai ga wata budurwa ta faɗo da gudu. Ta jiƙe sharkaf, amma takardar da ta rungume cikin leda ko ɗigo bai taɓa ta ba.

"Sannu Malam. Kai ne Bobboi?"

"In aikin kirki ne, ni ne. In ƙofa ce ta ɓalle, ya tafi Belel."

Ta yi dariya, shi kuwa ya manta da ƙarfen da ke hannunsa.

Sunanta Huda, ɗalibar injiniya ce a ajin ƙarshe, kuma tana cikin reshen ɗalibai na ƙungiyar injiniyoyin mai da gas da makamashi. Duk shekara ƙungiyar na ba ɗalibai tallafin bincike, waɗanda rahotonsu ya karɓu a tura su horo Fatakwal. Binciken Huda tanki ne da za a zuba masa kashin shanu da ruwa, ya ruɓe ya ba da iskar gas ta girki.

"Kamar tumbin saniya yake," in ji ta. "Akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani. Su ke cin kashin su yi gyatsa, gyatsar muke kunnawa. Masu walda biyu sun yi min dariya, in za ka yi taka ka yi yanzu."

Bai yi ba. Ya ɗora yatsa a kan zanen.

"Wannan bututun ya yi ƙasa. In tankin ya cika, ta nan zai yi amai."

Ta duba, ta sake dubawa. "A wace makaranta ka koyi wannan?"

"Aji uku na tsaya. Sauran a wurin ƙarfe."

Da ta ce ba ta samu wurin da za a kafa tankin ba, nan take ya tuna mahaifiyarsa. Shekara ashirin da biyu Inna Dijatu na suyar waina a kan itace, hayaƙi ya riga ya zauna mata a ƙirji, tari ba ya barinta ta gama jimla ɗaya.

"Akwai fili a bayan murhun Innata," in ji shi.

A can aka kafa. Huda ta riƙa zuwa kullum da yamma, ta auna, ya yanka, ya liƙe. Inna ta riƙa ajiye mata waina uku masu zafi tana kiranta "surukar tanki". Huda ta yi mata alkawari cewa wutar farko da za ta kama, a ƙarƙashin tandarta za ta kama, shuɗiya, ba hayaƙi.

"To ku yi sauri, 'yar nan," in ji Inna tana tari. "Ƙirjin nan ba ya jiran boko."

Ranar da ya gama liƙin ƙarshe ya tura mata saƙo:

"Injiniyata, na shafa ruwan sabulu a kowane liƙi, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Tankinki ba ya yoyo. Zuciyata ce kawai ban samu na liƙe ba."

Amsa ta zo kafin ya ajiye wayar, ta kira shi Hamma, wato yaya da Fulatanci:

"Hamma, wannan kada ka liƙe ta. Ka bar min ita haka."

Wanda ƙungiya ta ba duba aikin Huda shi ne Injiniya Mubashshir, saurayi mai motar kamfani da farar hular kwano. Shi ya sa aka kwaso kashi mota guda daga kasuwar shanu, aka dama aka zuba aka rufe. Aka jira kwana arba'in. Ranar kunnawa maƙwabta suka cika gidan. Huda ta buɗe makunnin ta ƙyasta ashana, ashanar ta ci kanta ta mutu. Ta ƙyasta ta biyu, ta uku. Ko huci babu.

"Yoyo ne," in ji Mubashshir, ko durƙusawa bai yi ba. "Abin da ake samu ke nan in an kai aikin kimiyya bakin titi."

A satin ne kuma magabatan Bobboi suka je gaishe da mahaifin Huda, Malam Abdulƙadiri, tsohon shugaban makarantar firamare. Ya karɓe su da mutunci, ya sallame su da "sai mun yi shawara". Da suka fita ya kira ta.

"Ban sayar da gonar Duvu na kai ki makaranta don ki ƙare a shagon walda ba. Kuma waldar ma an ce bai iya ba."

Bayan kwana biyu ta zo shagon, idonta a kumbure. Ta gaya masa da bakinta cewa ta sa hannu a rahoton da ya ce liƙin mai walda ne ya ɓata binciken.

"Kin san na shafa sabulu ko kumfa bai tashi ba, Huda."

"Na sani. Amma jiya aka rufe karɓar rahoto, kuma dole in rubuta dalili."

"Sai kika rubuta ni."

Ta kawar da kai. Shi ma ya rufe fuska da gilashin walda, ya kunna inji, don kada ta ga idonsa.

Rahoton ya karɓu, sunanta ya fito cikin masu tafiya Fatakwal. Labari ya zo cewa Mubashshir ya aika da mutanensa gidan su Huda neman aurenta. Watanni suka shuɗe ba saƙo, tanki yana tsaye a bayan murhu, kaji na kwana a inuwarsa. Inna ta ci gaba da hura itace.

Farkon damina aka kira Bobboi ya gyara ƙofar wani garke a kasuwar shanu. Can ya haɗu da bappansa, ƙanen mahaifinsa mai kiwo a wajen Maiha, ya kawo bijimai biyu. Tsohon ya tsaya yana tura wani tarin kashi da sanda.

"Dubi nan, ɗana. An yi ruwa jiya, amma ko buzuzu ɗaya babu. A rugarmu kafin kashi ya huce sun rufe shi."

"Me ya sa, Bappa?"

"Nan ake tsare shanun da suka sha doguwar hanya. Duk wadda ta shigo sai an yi mata allura, an ɗura mata magani. Kashinsu ko ƙwaro ba ya so."

Bobboi ya tsaya riƙe da guduma. Daga wannan garken aka kwashi kashin tankinsu. Maganin da ya kori buzuzu, me zai bar wa halittun da Huda ta ce ido ba ya gani?

Bai gaya mata ba, don bai so ya sake zuwa mata da baki kawai. Ya kwashe tankin da bokiti, ya wanke shi da ruwa zalla. Kullum bayan sallar asuba ya hau mashin zuwa rugar Bappa, ya dawo da jarka huɗu na kashin shanunsa. Kwana tara yana wannan jigila, har 'yan unguwa suka sa masa suna "direban saniya". Ya rufe tankin ya fara ƙirga kwanaki.

Lokacin tarin Inna ya riga ya kwantar da ita. An kai ta asibiti, an dawo da ita da ledar magani. Tana kwance take tambayarsa, "Yau kwana nawa?"

"Ashirin da biyu, Inna."

"In ta kama ina barci, ka tashe ni. Kuma kada ka kunna sai yarinyar nan tana wurin. Ita ta yi alkawarin."

"Ita ta ɓata min suna, Inna."

"Tsoro ne ya kama ta. Kai ba ka taɓa jin tsoro ba?"

A kwana na ashirin da shida, da hantsi, Inna Dijatu ta cika.

Ranar sadakar bakwai ya ga murfin tankin ya ɗaga, bututu ya yi tauri. Ya daɗe yana kallon wayarsa kafin ya rubuta:

"Inna ta rasu. Ta bar miki saƙo a bayan murhu. In kin samu hali ki zo."

Ta zo da yamma, ta durƙusa gaban mata ta yi ta'aziyya tana kuka. Ya kai ta bayan murhu, ya gaya mata zancen buzuzu da allura, ya miƙa mata ashana. Ta ƙyasta. Wuta ta zagaye ƙarƙashin tandar Inna, shuɗiya, shiru, ba hayaƙi ko kaɗan.

"Hamma, da na tsaya na bincika tun lokacin, da ta samu wata shida ba hayaƙi."

"Wa'adi ne, Huda."

"Wa'adi ne. Amma rahoton ni na rubuta shi."

Saura kwana goma tafiya Fatakwal, aka yi taron ƙungiyar a Yola. Huda ta miƙe gaban injiniyoyi ta ce rahotonta ba gaskiya ba ne, ta janye shi, ta faɗi ainihin dalilin da sunan wanda ya gano shi. Mubashshir ya tashi ya fita. Shugabar zaman, Injiniya Rachael, ta cire tabarau.

"Kin san kujerarki ta tafi ke nan?"

"Na sani, Ma."

"To. Amma abin da kika kawo yau ya fi wancan amfani. Ku sake gwajin, ku rubuta shi da sunayenku biyu. Duk mai kafa tanki kusa da kasuwar shanu yana buƙatar ya san wannan."

Malam Abdulƙadiri bai yi wa 'yarsa magana ba har kwana uku. A na huɗu ya sa hula ya tafi gidan su Bobboi da ƙafarsa. Ya tsaya yana kallon wutar, ya miƙa tafinsa ya ji zafinta.

"An ce aji uku ka tsaya. Me ya sa?"

"Babana ya rasu, Baba. Inna ita kaɗai ce."

Tsohon ya janye hannunsa. "Na ce ba ka iya walda ba, alhali ban taɓa ganin aikinka ba. Ka yafe min. Ka ce wa bappanka ya dawo, wancan zuwan ban karɓe su yadda ya kamata ba."

Bayan kaka aka ɗaura auren. A tandar Inna aka soya wainar biki, a kan shuɗiyar wutar, matan unguwa na leƙe suna cewa, "Allah ya ji ƙan Dijatu, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba." Huda ta cire guda uku masu zafi ta ajiye a gefe kamar yadda ake ajiye mata da, sannan ta rufe fuska da mayafi.

Abin da aka samu kowa ya gani. Abin da aka rasa kuwa shi ne kujera ɗaya a Fatakwal, da shekara ɗaya ta karatu da Huda ta maimaita saboda janye rahoton, da wata shida da ba su yi wa juna magana ba, da uwa ɗaya wadda kwana bakwai kacal suka raba ta da wutarta.