Kujerar Baban Emmett

Ɗana Tobias ya fara ganin Emmett a Minneapolis, wurin bikin da ƙungiyoyin mawaƙa na maza masu son maza da mata masu son mata suke haɗuwa. Ina wurin, don ni nake goge wa ƙungiyarmu ta Duluth riguna. Hankalina ba ya kwanciya in yaron nan ya yi tafiya shi kaɗai.

Ana musayar baji a bakin zaure, kowace ƙungiya da nata. Na Tobias hoton tafkin garinmu ne a jiki. Wani dogon saurayi daga Iowa, Emmett ke nan, ya miƙo nasa mai hoton masara.

"Masara za ka ba ni, in ba ka tafki sukutum?" in ji Tobias.

"Tafkin naka ana gasa shi a ci?" in ji Emmett.

Kafin mu iso gida saƙo ya shigo wayar Tobias: "Mai tafki, tun da ka tafi nake kuskure a waƙa. Shugabanmu ya ce ko mura nake. Na ce masa ta fi mura."

Haka suka yi ta zirga-zirga tsakanin Iowa da Duluth har maganar aure ta taso. Mahaifin Emmett, wani manomi mai suna Lyle, ya ce kada a sake kawo masa wannan zance a kan abinci. Mahaifiyarsa Darlene takan kira Tobias a ɓoye ta tambayi lafiyarsa. Shi kuma Emmett ya ce ba zai yi aure babansa ba ya wurin ba.

Da bikin ya zagayo, a Denver wannan karon, aka ba Emmett baitin da zai rera shi kaɗai. Ya aika wa babansa tikiti, ya roƙa aka ajiye masa kujera a gaba. Ina zaune kusa da ita. Har ya gama baitin, idonsa a kanta yake, ba kowa.

Da yamma ya rubuta wa Tobias: "Zumana, bai zo ba. Kada ka ƙara ce mini in kira shi. Ka yi haƙuri da ni."

Emmett ya daina zuwa gidan iyayensa. Maganar aure ta kwanta. Da sanyi ya shiga Darlene ta rasu, uba da ɗa suka tsaya a bakin kabarinta ba wanda ya kalli wani. Tobias ya rame, ni kuma barci ya ƙaurace mini. Na ɗauki mota na nufi Iowa ban gaya wa kowa ba.

Na sami Lyle a cikin rumfarsa yana gyaran tarakta. Na faɗa masa ko ni wane ne, na ce ban zo faɗa ba, dalilin da ya hana shi zuwa Denver kawai nake so in ji. Ya daɗe yana goge hannu.

"Na je," ya ce.

Ashe bai san zaure ba ɗaya ba ne. A bikin nan wurare da yawa ake waƙa lokaci guda, kowace ƙungiya ta yi 'yan mintocinta ta sauka, tikitin kuma yana shigar da mutum ko'ina. Inda ya fara jin muryar maza nan ya shiga, ya zauna a baya yini guda yana jiran ɗansa ya fito. Kunya ta hana shi tambayar kowa.

Na ce me ya hana shi faɗa.

"In ce me? Na je na saurari 'ya'yan wasu? Ko Darlene ce mata na yi wurin gwanjon shanu na tafi."

Nan take na kira Emmett a waya, na miƙa wa Lyle wayar, na fita waje na ba su wuri.

An ɗaura auren da bazara a bakin tafkinmu, ƙungiyoyin biyu suka rera tare. Lyle ya riga kowa isowa. Da aka gama, ya dafa kafaɗar Tobias da hannu ɗaya, ta Emmett da ɗayan.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, 'ya'yana," ya ce. "Darlene ya kamata ta faɗi wannan. Ta fi ni iyawa."