Reshen Da Ya Tsallake Katanga

"Buɗe jakar nan, Auta!"

Ta buɗe. A ciki akwai almakashi, da ɗan reshe naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.

"Abba... don Allah ka saurare ni..."

"Wardin mahaifiyarki kika sa wa almakashi?"

Wardin nan marigayiya ce ta zo da shi daga gidansu, ta dasa a tsakar gida. Furensa ja ne mai farin baki, kuma an bincika ba a sami irinsa ko'ina ba. Tun rasuwarta Abba ya kafa masa doka mai tsauri: ba a tsinka, ba a yanka, ba a kyauta.

"Na mai tukwanen nan ne, Kawu," in ji ɗan Gwaggo daga bakin ƙofa. Shi ya kai rahoton, shi ne kuma wanda dangi suke so Auta ta aura. Yana da shagon furen roba, sana'ar da ba ta taɓa jin ƙishirwa ba.

Mai Tukwane kuwa sunan raini ne da gidan ya laƙaba wa saurayin da Auta take so. Yana aiki a lambun da ake tattara tsofaffin irin furanni ana rainonsu don kada su ɓace.

"Abba, cewa ya yi irin da yake a gida ɗaya kaɗai yana bakin kabari. Kuma ƙwayarsa ba ta maimaita shi, sai reshe..."

"Matata ba ta shiga tukunyar kowa!"

Ya fizge reshen ya wurga shi bayan katanga.

Da yamma ta kira Mai Tukwane a waya.

"Masoyi, an kama ni... An hana ni ganinka."

"Share hawayenki, hasken idona."

"Ka yi ta jirana ban fito ba, ko?"

"Jiranki ai aikina ne. Na lambu ma don a ci abinci nake yi."

Ta yi dariya tana kuka.

Ɗan Gwaggo, da ya ga fili ya zama nasa, sai ya ƙudura nuna cewa shi ma ya san darajar wardin. Ya sayo takin zamani ya juye rabin buhu a gindinsa, bisa lissafin cewa abin da kaɗan ɗinsa ya yi amfani, mai yawansa zai fi.

Ganye ya ƙone, rassa suka yi baƙi. Auta ta yi ta kwarara ruwa, a banza.

Abba bai yi faɗa ba. Kujerar da yake zama a kanta gefen wardin kawai ya ɗauke ya shigar ɗaki. Wannan shirun ya fi kowane faɗa ciwo, har ɗan Gwaggo ya tuna yana da kaya a hanya da suke buƙatar kulawarsa.

Bayan wasu watanni, wata safiya aka yi sallama. Mai Tukwane ne, ya turo baro ɗauke da tukwane uku. A ɗaya daga ciki fure ya buɗe, ja mai farin baki.

Auta ta dafe ƙirji.

"Innalillahi... Abba! Abba, fito!"

Abba ya fito, ya durƙusa, ya shinshina furen. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Ina ka samo wannan?"

"A hannunka, Abba. Ranar nan ina bayan katanga ina jiranta, ya faɗo mini a kafaɗa. Na yanka shi uku, duka suka kama."

"Shi ne ka ɓoye mini, mugu?" in ji Auta, hawaye na zuba.

"Reshe ba ya alkawari, zuciyata. Ban so ki yi makoki sau biyu ba."

Abba ya goge idonsa da bakin riga, ya ɗora laifin a kan hasken rana.

"Me ya sa uku?"

"Ɗaya na nan gidan. Ɗaya zai zauna a lambunmu, da sunan marigayiya a jikin tukunyar, in ka amince."

"Na ukun fa?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. Auta ta tsura wa baron ido kamar ba ta taɓa ganin baro ba.

"Wannan... na gidan da Auta za ta zauna ne."

"To. Ai ko wane gida ne, sai an sami mai ba shi ruwa. Wancan ɗan Gwaggon da na roba ya saba."

"Abba!"

"Ka turo manyanka. Amma tukunyar nan tana wurina har a ɗaura."

Ya juya ga 'yarsa.

"Auta, fito mini da kujerata. Ki haɗo da almakashin nan, akwai maƙwabciyar da mahaifiyarki ta daɗe tana so a ba ta reshe."