Allon da Ke Shiga Jaka

"Nauyinsa nawa?"

Tambayar da Lorne ya yi wa mai shagon ke nan, na juyo na dube shi.

Nauyi kuma? Abin da za a girka a kan tebur ya zauna nan har ya tsufa, ina ruwan wani da nauyinsa?

Ranar Asabar ce, bikinmu saura wata guda, muna cikin wani shagon kayan kwamfuta a Edmonton. Allon kwamfuta muka zo saya wanda zai riƙa jonawa da laftof ɗinsa, domin sabon aikinsa daga gida ake yi, zanen bututun mai kuwa ba ya kalluwa a ƙaramin allo. Ni tun daga bakin ƙofa na yi zaɓina, wani ƙato mai faɗin tagar kicin.

Gogan naku kuwa can lungu ya zarce, inda aka jera 'yan sirara masu marfi da ake rufewa kamar littafi.

"Bai kai kilo ɗaya ba," in ji mai shagon, wani dattijo mai rawani, Harjit. "Waya ɗaya tal, daga laftof yake shan wuta. Amma fa ango, amarya babban take kallo."

"Deirdre, zuciyata, zo ki gani mana... ba ya cin wuri."

"Wurin me? Ɗaki guda muka ware maka."

Ya ɗaga allon yana jijjiga shi a tafin hannu, ya sake juyawa wurin dattijon.

"In ya kwana cikin jaka a tsananin sanyi fa, gilashin ba zai tsage ba?"



Ni 'yar mutumin sansani ce. Babana a rijiyoyin mai na can arewacin ƙasar ya yi aiki, a sansanin ma'aikata yake kwana, sati biyu can, sati ɗaya gida. Na tashi ina ganin jakarsa a bakin ƙofa fiye da yadda nake ganin fuskarsa. Daga baya satin gidan ya fara tsallake mu, har ranar da muka ji ya kafa wata rayuwar a can da wata mace.

Shi ya sa da na kai Lorne gida, ta ji shi ma a can yake aiki, Mama ko kujera ba ta nuna masa ba.

"Mutumin sansani ba ya zama miji, baƙo yake zama," ta ce a gabansa. "Ban haifi 'ya don ta gaji jirana ba."

A kicin ɗinta ya durƙusa ya rantse ya bar arewa har abada. Takalmansa na aiki ma a gabanta ya kwashe ya bayar. Ni kuwa sakarya, har kuka na yi don daɗi, na yi wata biyu ina gaba da uwata a kansa.

"Lorne," na ce, "wace jaka?"

"Ɗauki baƙin nan na gefe, shi ya fi dacewa."

Ba shi ya yi maganar ba. Daga bayanmu ta fito, kuma ko a mafarki na san muryar. Tamsin ce, tsohuwar budurwarsa, wadda ke tsara tafiyar ma'aikata a kamfanin da ya ce ya bari. Tana tafe tana kaɗa makullin mota, fuska fal murmushi.

"Teburin ɗakunan sansanin ɗan mitsitsi ne, na faɗa maka. Irinsa gare ni, daidai yake zama." Sai ta yi kamar yanzu ta lura da ni. "Au, amarya, ashe tare kuke. Kai ma dai Lorne, da ka ce yau za ka zo na ɗauka kai kaɗai ne."

"Tamsin, don Allah..."

"Don Allah me? Kar dai ba ta sani ba?" Ta dafe ƙirji. "Wayyo, bakina. To ai kwana kaɗan bayan biki jirginsa zai tashi. Kar ki damu 'yar'uwa, ɗakinsa na kallon nawa, zan kula miki da shi."

Harjit ya sunkuyar da kai, ya shiga goge wani allo da babu ko ƙura a kansa.

Ban kalli Tamsin ba. Ita aikinta ta zo yi, ta kuwa yi shi da kyau. Wanda zan aura na tsura wa ido.

"Ka ce ƙarya take."

Ya mayar da idonsa kan allon da ke hannunsa.

"Lorne, ka buɗe baki ka ce min ƙarya take."

"Shekara ɗaya ce kawai, masoyiyata. Wallahi na gwada. Zaman ɗakin nan kashe ni yake, daga tebur sai bango. Babana kullum gori yake min, wai na zama mai gadin gida..."

"Aikin da kake yi daga gida fa?"

"Na ajiye."

"Yaushe ka yi niyyar gaya min?"



"Bayan biki."

Wannan ce ta kashe ni. Ba tafiyar ba, ba ma Tamsin ba. Bayan biki. Wato sai an ɗaure ni tamau, sai Mama ta yi rawa a gaban jama'a, sannan a nuna min jaka a bakin ƙofa. Ya san abin da na fi tsoro a duniya, ni na faɗa masa da bakina ina kuka a kafaɗarsa, shi ya zauna ya tsara min.

Duk da haka ina sonsa. Abin haushin ke nan. Zuciyata har lokacin neman hanya take masa.

Na nuna masa babban allon, na nuna masa ƙaramin.

"Ga su nan. Ɗauki ɗaya mu tafi."

"Deirdre, wannan ai ba adalci ba ne..."

"Ɗaya na ce."

Ya dubi babban. Ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na tsaya ina roƙon Allah a raina, ƙafa ɗaya kawai zai ɗaga ya matso.

Bai matso ba. Ƙaramin na hannunsa, yatsunsa ma ƙara damƙe shi suka yi.

Na share hawayena, na taka zuwa lungun, na zare allon daga hannunsa na mayar wurinsa.

"Ba wannan ba, haskensa ya yi kaɗan, kai kuma idonka ba ya son duhu. Malam Harjit, ba shi wancan mai kauri, mai marfin roba. Ya fi jure wurgi a bayan jirgi."

Murmushin Tamsin ya ɗauke.

"Kin yarda ke nan?" Lorne ya kamo hannuna, har muryarsa ta washe. "Za ki jira ni?"

Na zare hannuna, na zare zoben, na ɗora a kan kwalin allon da Harjit ya miƙa masa.

"Na zaɓa maka wanda zai iya bin ka. Ni ba na shiga jaka, ba na kuma zaman bakin ƙofa."

Yana kiran sunana har na fita, amma na lura bai ajiye kwalin ba.

A mota na kira Mama. Na shirya jin gori, na kuma san na cancance shi. Na kwashe komai na faɗa mata, kuka na yanke min magana.

Da na gama, tambaya ɗaya ta yi min.

"Wanne ya ɗauka?"

"Ƙaramin, Mama."

Sai na ji ita ma tana jan hanci.

"Ni sai da na yi furfura na iya abin da kika yi yau. Taho gida, 'yar nan, ki tuƙa a hankali."