Murhun da Ke Kunna Kansa

Rana ta yi ja a bayan gine-gine, hayaniyar titi ta fara lafawa, lokacin da Tela ya hau benen gidan hayarsu da guntayen zare manne a rigarsa. Ya tarar da matarsa tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ba ta shiga ba, ba ta matsa ba. Ko sannu da zuwa ba ta yi masa ba. Ta dai ce murhu ya kunna kansa.

Murhun lantarki ne mai kai huɗu na baƙin ƙarfe, da tanda a ƙasa. Tela ne ya sayo shi, ya sa ƙarti suka hau da shi bene maƙwabta na leƙe, kuma tun ranar ya kori kaskon gawayi daga gidan ya naɗa kansa injiniya. A ganinsa mutumin da ke kwance keken ɗinki ya mayar, har sukurori su yi saura keken kuma ya ci gaba da aiki, babu na'urar da za ta gagare shi. A shago yakan ce da waɗanda suka ƙera murhun sun nemi shawararsa da sun ƙaru.

Ya ture ta ya shiga. Makunnan duk suna kan sifili. Ya kai hannu saman kan baya na hagu, sai ya ji huci yana dukan tafinsa. Nan take ya juyo da faɗa: ita ce ta manta, mata ba su san komai ba sai murɗa abu kamar suna matse tsumma. Ita ma ba kanwar lasa ba ce, ta ce tun da rana ba ta taɓa wannan kan ba, in ƙarya take yi ya tambayi 'yarsu Auta.

Bai kai ga tambayar ba. Murfin tukunya ya tashi daga kan kanta a hankali, ya tsaya a iska kamar mai tunani, sannan ya wuce ta gefen kunnensa ya daki bango. Ya faɗi yana ta juyi a ƙasa har ya gaji ya kwanta. Kicin ya yi tsit. Cikin shirun nan suka ji wani siririn kuka, irin na yaron da ya yi kuka har muryarsa ta dushe, yana fitowa daga cikin tanda. Tela ya buɗe ta da ƙafa. Babu komai sai tiren ƙarfe.

Ya ce iska ce.

Daga ranar, da zarar hasken yamma ya fara mutuwa, sai gidan ya canza. Tsakuwa ta riƙa dukan tagar kicin, alhali suna hawa na sama kuma babu kowa a ƙasa. Cokula su zube da kansu. Kan baya na hagu ya ɗau zafi, ya yi ta ƙas-ƙas a hankali, kukan nan kuma ya biyo baya. Matar ta koma yin girki tun da hantsi, su ci da sanyinsa. Tela kuwa haushi ya hana shi tsoro. Abin da ke cinsa shi ne a ce murhunsa ya fi ƙarfinsa.

Ya rufe shago da wuri, ya zo da sukudireba da tasta ta gwada wuta. Ya canza fis. Ya kwance soket ya ga ko waya ta ƙone, ya tarar da ita ƙalau, ya ƙara ɗaure ta don kada wahalarsa ta tafi a banza. Ya zare makunnin wannan kan ya hura, ya goge maiƙon da ya daskare a bayansa, ya mayar. Ya jawo murhun daga bango ya buɗe bayansa, ya daɗe yana kallon wayoyi yana gyaɗa kai, ko da yake Allah kaɗai ya san abin da ya gane. Da magariba ta yi, kan ya ɗau zafi kamar yana yi masa gwalo.

Matarsa ta kira mai gyaran wuta ba da saninsa ba. Mutumin ya gwada komai, ya ce makunnai lafiya, ƙarfen da ke ɗaukar zafi lafiya, sai dai wani ya tsinke wayar ƙaramar jar fitilar da ke gaba. Tela, da ya shigo a daidai lokacin, ya ce shi ya tsinke ta tun kafin a fara wannan fitinar, kuma da sane: fitilar banza ce, ana kashe murhu ta ci gaba da ci tana shanye masa wuta a mita. Mai gyara ya fara bayani cewa aikinta ke nan, tana nuna ƙarfen bai huce ba tukuna. Tela ya tambaye shi ko fitila ce ke dafa abinci, ya raka shi har matakala da baƙar magana. Da ya dawo ya fizge filogin daga bango, ya naɗe wayar ya ɗora a kan tanda, ya ce to yanzu a kunna ya gani.

Aka kunna kuwa. Yammar nan, babu waya babu filogi, baƙin ƙarfen ya yi huci har labulen taga yana motsi. Auta, 'yarsu budurwa wadda ita kaɗai ta rage musu a gida, tana wanke-wanke a gefe. Sai ta saki kwano. Ta juya a hankali, idanunta a kafe, ta miƙa hannunta na dama, ta nufi murhun tana ɗaga ƙafa kamar mai tafiya cikin ruwa. Saura ƙiris tafinta ya sauka uwarta ta cafke ta. Sai da su biyun suka haɗu kafin suka ja ta falo, yarinyar da ko bokiti ba ta iya ɗauka cike. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna tana kallon ƙofar kicin, hannun a miƙe, har duhu ya shiga sannan ta sulale ta yi barci.

Washegari ma haka. Tela ya ɗaure ƙofar kicin da igiya, igiyar ta kwance kanta. A nan matarsa ta tsaya a gabansa ta ce ya zaɓa, ko ya kira Malam ko ta ɗauki 'yarta su bar masa gidan da murhunsa ya aura. Ya tafi yana ƙunƙuni.

Malam tsoho ne mai ƙarancin magana, ya hau benen yana hutawa a kowane kwana. Ya iso ana gab da faɗuwar rana. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar kicin, aka zaunar da Auta, uwarta ta riƙe ta ta baya. Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Tsakuwa ta zubo kan taga ta daina. Ƙarfen ya fara ƙas-ƙas. Karatun ya yi nisa, Auta ta sandare, bakinta ya buɗe, muryar da ta fito ta wata babbar mace ce, mai kauri, tana rawa don fushi.

Malam ya tambaye ta ko ita wace ce, me kuma yarinya ta yi mata. Ta ce ita aljana ce, a gidan nan take tun kafin a ɗora masa bene, lungun kicin ɗin nan ne mazauninta, kuma yarinya ba ta yi mata komai ba. Masu haya nawa suka zo suka tafi ba ta taɓa ko tsinkensu ba. Ɗanta ƙarami yakan fito da yamma ya ji ɗumin murhu bayan an sauke tukunya, kuma ta koya masa doka ɗaya: in ya ga ja ya tsaya nesa, in ya ga baƙi ya matso. Haka yake a gawayi. Da aka kawo wannan, jar fitilar ta zame masa garwashi, yana jira ta mutu kafin ya hau.

"Sai wannan mai bakin ya tsinke ta," in ji muryar. "Ɗana ya ga baƙi, ya dafa. Fatar hannunsa tana nan manne a ƙarfen, ku ne ba ku gani."

Tela ya ce shi bai ba kowa hayar kicin ba, kuma uwar da ta san tana da ɗa ba ta barinsa yawo a kan murhun mutane. Malam ya ɗaga masa hannu. Ya ce wa aljanar kuskure ne, ba ganganci ba, za a mayar da fitilar yau ɗin nan, zai kuma yi tofi a mai a ajiye mata ta shafa wa yaron. Ta ce a mayar, a kuma ajiye, amma wannan na gobe ne, ita na jiya take nema. Malam ya tsananta karatu har jikin Auta ya riƙa karkarwa, ya tuna mata cewa zalunci haramun ne a kan mutum da aljan. Ta yi nishi ta ce ya ƙone ta in zai iya, kafin ta ƙone sai ta kai hannun nan kan ƙarfen. Tana faɗa Auta ta miƙe, uwarta na rataye a bayanta kamar zane.

"Hannu nake so," in ji muryar. "Ya ji abin da na ji."

"Na wa?" in ji Tela.

"Na gidanka."

"A gidana za ki yi mini ciniki da hannun 'yata? Ni na tsinke, ita ta tsinke?"

Ya tsallake tabarmar ya shiga kicin. Ya ɗaga hannun hagu, don ko a cikin fushi tela bai manta da wanda ke riƙe almakashi ba. Muryar ta ce wanda ɗanta ya ƙone na dama ne. Ya tsaya. Ya dubi hannun da ke yanka, yake zura zare a allura, yake ciyar da gidan. Ya ja tsaki mai tsawo, irin wanda yake yi wa mai kawo ɗinki a ƙurarren lokaci, ya kifa tafinsa na dama a kan baƙin ƙarfen.

Ƙarar da ta fito ba ta fi ta ɗigon ruwa a mai ba. Bai yi ihu ba, haƙoransa kawai aka ji. Malam ne ya fizge shi.

Da aljanar ta sake magana, fushin ya zube daga muryar, sai gajiya. Ta ce ba ta zaci zai yi ba. Ta ce ya isa, ta yafe sauran, kuma za ta ɗauke ɗanta su bar gidan, don ba ta iya zama da mahaukaci. Malam ya sa ta yi alkawari da sunan Allah, ta yi. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube a jikin uwarta. Hucin murhun ya janye kamar an buɗe ƙofa.

Can ta buɗe ido, nata idon na kullum. Ta ga baƙon tsoho a kan tabarma, ta ga uwarta na hawaye, ta ga ubanta jingine da bango, gumi ya jiƙe masa riga, hannunsa ɗaya a bayansa. Ta shaƙi iska ta yamutsa fuska.

"Baba, me ke ƙauri haka?"

Tela ya ƙara cusa hannun a baya, ya haɗe rai.

"Uwarki ce ta ƙona girki," ya ce. "Tashi ki ba Malam ruwa."