Ɗakin Ƙasan Bene

Fankar sama ya zo saya, ita kuma tana tsare wa yayanta shago. Ta dube shi daga takalmi har hula, kallon da ya ɗauki lokaci, don kuwa Allah bai rage shi da tsawo ba.

"Silin ɗakinka yana da nisa?"

"Hulata tana gogarsa."

"To ba zan sayar maka ba. Iska kake nema ko aski?"

Ya tafi da fankar ƙasa da lambar wayarta. Dogo mai aikin tayil ke nan. Kafin wani lokaci ya zama Dogona, ita kuma Sanyina.

Da maganar aure ta isa gida, babanta ya ce sai ya ga inda za a ajiye masa 'ya. Ɗaki ne a ƙasan bene, an yi ta cike daɓensa har rufin ya matso. Baba ya shiga ya ɗaga hannu, tafinsa ya kwanta a silin.

"'Yata ba za ta zauna a akwati ba. In wata ya ƙare ba ka sami wani ba, ɗan aminina yana jira."

Dogo ba shi da halin kama wani, rufin kuma ba ya ɗaguwa, da mutane a sama. Sai aka ji shi shiru.

Ta rubuta masa: "Dogona, in ka haƙura da ni ne ka faɗa mini. Baba ya fara kiran mutumin nan surukina."

Ba amsa. Tsoro ya hana ta sukuni, ta yi ta kuka har yayanta ya sallame ta daga shago.

Ana gobe wata zai ƙare saƙo ya shigo: "Sanyina, yafe mini. Ban so in yi miki alkawarin da ban tabbatar ba. Roƙi Baba ya sake zuwa."

Baba ya zo fuska a ɗaure. Ya jefa ƙafa ciki, sai ya ji ƙasa ta yi nisa, da Dogo bai tare shi ba da ya kifa. Ashe da izinin mai gida Dogo ya fasa daɓen, ya kwashe cikon da diga da shebur shi kaɗai, ya shimfiɗa tayil.

Baba ya miƙa hannu sama har da ɗage, bai taɓo komai ba.

"In ruwa ya sauko fa?"

"Na ɗaga dokin ƙofa, Baba, na fitar da magudana."

Tsohon ya kamo hannun Dogo, ya daɗe yana kallon tafin da duk ya saɓule.

Ranar da aka ɗaura auren ma hannun Baba ya sake nema cikin jama'a.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Da wannan hannun za ka riƙe mini ita."